Matan jirgin KTX da yajin aikin da ya kai shekara 12

Su wane ne waɗannan mata?

'Yan mata ne kusan 350 da aka ɗauka a 2004, lokacin da Koriya ta Kudu ta ƙaddamar da jirgin ƙasa mai gudun tsiya, KTX. Aikinsu kula da fasinjoji. Sai dai ba hukumar jiragen ƙasa ce ta ɗauke su kai tsaye ba. An rubuta su ne a ƙarƙashin Hongikhoe, ƙungiyar da a lokacin take sayar da abinci da kayan maƙulashe a tashoshi da cikin jirage. Matan sun ce an yi musu alkawarin zama cikakkun ma'aikata bayan shekara 2.

Me ya kai su ga yajin aiki?

Alkawarin bai cika ba. Maimakon haka aka nemi a miƙa su ga wani kamfanin kwangila na daban. A ranar 1 ga Maris 2006 suka ajiye aiki, a watan Mayu kuma aka sallami kusan 280.

Ai sun je kotu?

Sun je, kuma da farko sun yi nasara: a 2010 kotu a birnin Seul ta ce Korail, wato hukumar jiragen ƙasa, ita ce ainihin wadda ta ɗauke su aiki, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2011. A 2015 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, wai kula da lafiyar fasinja aikin shugaban jirgi ne, su nasu hidima ce kawai. Hujja ce mai wuyar haɗiya, domin idan gobara ta tashi cikin jirgi ba wanda zai tsaya tambayar wane kamfani ke biyan wa albashi. Hukuncin ya sa aka nemi waɗanda suka kai ƙarar su mayar da kuɗin albashin da suka karɓa bayan nasararsu ta farko, fiye da won (kuɗin Koriya ta Kudu) miliyan 80 kowacce, kuma ɗaya daga cikinsu ta kashe kanta a wannan shekarar.

Yaya aka ƙare?

A 2018 wasu takardu suka fito da ke nuna ofishin tsohon Alƙalin Alƙalai Yang Sung-tae ya lissafa shari'ar cikin waɗanda aka yanke don daɗaɗa wa gwamnati. A watan Yulin shekarar Korail ta amince ta ɗauki kusan 180 a matsayin cikakkun ma'aikata, amma a tashoshi da ofisoshi, ba cikin jirgi ba.