Gano shan magani ba bisa ƙa'ida ba ta bayanan inshorar lafiya

Wannan hanya ce da kamfanonin inshora da gwamnati ke bi, musamman a Amurka, su gano masu karɓar magungunan kashe zafi masu sa jaraba fiye da kima, irin su oksikodon da haidrokodon. Duk lokacin da mai inshora ya karɓi magani a kemis, kemis ɗin zai tura takardar neman a biya shi, a ciki akwai sunan maganin, yawansa, kwana nawa zai yi, likitan da ya rubuta da ranar da aka bayar. Asali don kuɗi ake tara bayanan, amma in aka jera na mutum ɗaya na wata shida a kwamfuta sai ka ga abin da likita ɗaya ba zai taɓa gani ba.

Babban abin da ake nema shi ne yawon likitoci, wato mutum ya je wajen wannan ya je wajen wancan kowa na rubuta mai magani iri ɗaya ba wanda ya san da ɗan'uwansa, sannan ya raba takardun a kemis daban daban. Ana kuma duba wanda ke dawowa kafin maganinsa ya ƙare, da wanda ake haɗa mai da maganin barci na benzodiazepine, haɗin da ke iya tsayar da numfashi. Tunda ƙarfin magungunan ba ɗaya ba ne sai a juya su zuwa ma'aunin mofin, miligiram 90 a rana shi ne iyakar da jagorar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta 2016 ta yi gargaɗi a kai.

A 2011 ofishin binciken gwamnati GAO ya ce kimanin mutum 170,000 a shirin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi da naƙasassu, sun karɓi irin waɗannan magunguna daga likitoci biyar ko fiye a 2008. Hukumar CMS mai kula da shirin ta fara tsarin sa ido a 2013, dokar CARA ta 2016 kuma ta ba kamfanonin inshora damar ɗaure mara lafiya ga likita ɗaya da kemis ɗaya, abin da Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ya daɗe yana yi a jihohi. Su ma likitocin ana kama su ta nan, wanda rubutunsa ya zarce na sa'o'insa nesa ba kusa ba.

Matsalar dai, takardar biya ba ta faɗin dalili. Mai cutar kansa ko mai sikila zai iya ganin likitoci huɗu cikin wata biyu kuma da gaskiyarsa, shi ya sa dokokin Medicare suka cire masu cutar kansa da waɗanda ke jinyar ƙarshen rayuwa, daga baya aka ƙara masu sikila, kuma dole a tuntuɓi likitan kafin a taƙaita kowa. Sannan wanda ya biya da kuɗin aljihunsa ba ya fitowa sam, masu wayo kuwa sun san haka, don haka jihohi ke da nasu rajistar da kemis ke shigar da duk maganin da aka sa wa ido ko da wa ya biya. Ƙwayar kan titi kamar fentanil ta bayan fage ba ta cikin ko wanne. A Najeriya ma inda yawanci da tsabar kuɗi ake sayen magani, tramadol da kodin da ke yawo a kasuwa bayanan inshora ba za su nuna su ba.