Daidaita ƙarfin wuta a layukan da sola ta yi wa yawa

Daidaita ƙarfin wuta, wato boltej, shi ne aikin da kamfanonin raba lantarki ke yi don wutar da ke shiga gidaje kar ta haura ko ta sauka fiye da ƙa'ida. A Turai ƙa'idar ita ce bolt 230, an yarda ta ƙaru ko ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, wato daga 207 zuwa 253. Aikin ya ƙara wuya tunda mutane suka fara jera faifan sola a kan rufin gidajensu suna tura rarar wuta cikin layi.

Asalin matsalar

Tun farko an gina layukan ne wuta ta riƙa tafiya gefe ɗaya, daga tasha zuwa taransfoma zuwa gidaje, kuma duk nisan da ta yi sai ƙarfinta ya ragu, shi ya sa injiniyoyi ke ɗaga taransfoma sama kaɗan don gidan da ke ƙarshen layi shi ma ya samu. To da sola ta shigo sai abin ya juye. Inbata ba ta iya tura wuta cikin layi sai ta ɗara layin ƙarfi ko da kaɗan ne, idan gida ashirin suka yi haka lokaci guda da tsakar rana, ga mutane duk sun tafi aiki ba mai jan wuta, sai ka ga gidan ƙarshen layin nan shi ne wutarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Abin ya fi tsanani a ƙauye inda waya ke da tsawo kuma siririya.

Tarihi

Jamus ce ta fara ɗanɗanawa sosai. Dokar ƙasar ta makamashi mai sabuntuwa (EEG) ta shekarar 2000 ta ba masu sola farashi mai tsoka, manoman jihar Bavaria suka lulluɓe rumbuna da shagunan dabbobi da faifai, layukan ƙauye kuwa ba a yi su don haka ba. A 2011 aka fito da ƙa'idar VDE-AR-N 4105 wadda ta ce injinan da aka jona a ƙaramin layin da ke kai wuta gidaje kar su ɗaga boltej fiye da kashi 3 cikin ɗari, sannan dole inbata ta taimaka wajen daidaitawa. Daga 2012 kuma aka ce ƙananan masu sola ko dai su yarda kamfani ya riƙa rage su daga nesa, ko su tsaya a kashi 70 na ƙarfin faifansu, dokar da aka janye wa sababbin ƙanana a wajajen ƙarshen 2022. Akwai kuma rigimar 50.2 Hz, ita ta saurin kaɗawar wuta ce, wanda ake aunawa da Hz, ba boltej ba amma tushensu ɗaya: an saita inbatoci su kashe kansu gaba ɗaya idan saurin ya kai nan, sai aka gane idan suka faɗi tare Turai za ta girgiza, dole aka bi dubban ɗaruruwa aka sake saiti.

Ostireliya nata labarin daban ne. Ƙasar ta koma bolt 230 daga 240 a takarda tun 2000, amma taransfomomi da yawa an bar su a tsohon saiti, ga shi kusan gida ɗaya cikin uku na da sola. A Oktoban 2020 sola kaɗai ta ɗauki duk bukatar jihar Kudancin Ostireliya na kusan awa guda. A Amurka kuma Hawaii da Kalifoniya ne suka yi gaba, har aka sabunta ƙa'idar jona irin waɗannan injina a layi, wato IEEE 1547, a 2018.

Hanyoyin gyara

Mafi sauƙi shi ne a sauke saitin taransfoma. Akwai taransfoma mai canza saiti da kanta ba tare da an ɗauke wuta ba, dabarar tun wajajen 1920 da wani abu take, aikin injiniya Bernhard Jansen, da can sai manyan tashoshi, yanzu Jamusawa sun ƙanƙanta ta don unguwa. Inbatocin zamani kuma idan suka ji layi ya yi ƙarfi sukan fara janye shi ƙasa, in ya ƙi su rage abin da suke turawa, in ya wuce iyaka su kashe. Batir na ɗebe rarar rana ya ajiye zuwa dare. Canza waya zuwa mai kauri yana aiki, tsada ce kawai.

Saɓani

Kamfanoni na ɗora laifin a kan sola, masu sola na cewa layin dama can a sama yake. Wa zai biya kuɗin gyara, har yanzu ana ja.

A Najeriya

Nan kukan na ƙarancin wuta ne, shi ya sa sitabilaiza ta cika gidaje, kuma yawancin masu sola batirinsu suke cikawa, ba sa tura komai cikin layin NEPA.