Da Gangan Ake Sa Wa Mutum Maleriya?

Tun da aka fara yi wa jarirai rigakafin maleriya a jihohin Gadarif da Nilul Azrak na Sudan a Nuwamban 2024, kawuna bai bar ni na huta ba. Ran da na ce masa a wajen gwajin irin wannan allura har masu lafiya ake sa wa cutar, ajiye kofin shayinsa ya yi: "Kai yaro, ka san abin da kake faɗa?" Ga tambayoyinsa da abin da na amsa.

Yaya ake sa cutar?

Kawu, sauro ake kiwo a ɗakin bincike. A zuba biyar masu ɗauke da ƙwayar a ɗan kofi mai rufin raga, a kifa a hannun mutum su sha jini. Cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed ta kafa wannan hanya a 1986. Yanzu kuma kamfanin Sanaria na ciro ƙwayoyin daga sauro, a yi allurar 3,200 ta jijiya. An yi hakan a Tanzaniya, Kenya da Gabon.

Me ya hana a jira damina, sauro ya yi aikinsa kyauta?

Ai ba a san wanda ya ciza ba, balle ranar. A nan kuwa da mutum kaɗan, cikin wata guda, an gane ko rigakafin na da amfani kafin a kai shi kan dubban yara. Allurar rigakafin maleriya mai suna RTS,S ta bi ta wannan ƙofa.

Ba ta kisa?

Ƙwayar takan yi kusan mako a hanta kafin ta fito jini. Daga nan kullum ana ɗibar jinin mutum, da an hango ta sai magani, kuma irin wadda aka tabbatar tana jin magani ake zaɓa. Amma zazzaɓi, ciwon kai da makyarkyata, wannan kam akan sha. Mai ciki ba ta shiga.

To da yardar wa?

Nan ne ni ma nake ɗari-ɗari. A shekarun 1940 fursunoni aka sa wa ita a kurkukun Stateville na Amurka, a sansanin Dachau na Jamus kuwa ba a ma tambayi kowa ba. Yau sai mutum ya sa hannu, yana da ikon janyewa, amma dole ya shanye maganin. Ana kuma biyansa ladan wahala. Sai dai wanda yaƙi ya koro daga Hartum da 'ya'ya shida ba hatsi a ɗaki, in aka nuna masa kuɗi, anya zai tsaya karanta takardar?

Kawu bai ce uffan ba, ya miƙo kofi a ƙara masa.