Ba kambun baka ke fasa tukunya a wuta ba

Mun taso muna jin cewa in tukunya ta fashe a wurin gashi, baki ne ya kama ta, ko wani ya zuba mata ido. Duk wanda ya ga aikin mako guda ya tarwatse dole ya nemi dalili, amma dalilin yana cikin yumɓun.

Tukunya kan bushe a waje alhali cikinta da sauran danshi. Da zafi ya kai digiri 100, ruwan nan sai ya koma tururi, in bai sami mafita ba ya fasa ta. A wajen digiri 573 kuma, ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu kan kumbura farat ɗaya, don haka wutar gaggawa ke tsaga ta. Shi ya sa magina ke cuɗa yumɓu da garin tsingaro ko ƙaiƙayi, tururi ya sami hanya, kuma suke fara ɗumama tukwane da ƙaramar wuta.

Gwadawa ba wuya. Kafin gashi, a kara gindin tukunyar a kunci. In an ji sanyi, ba ta gama bushewa ba, a ƙara mata kwanaki a inuwa.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani, musamman masu sana'ar ginin tukwane.