Ba Gwamnati Ce Ta Mallaki Yawancin Filayen Yaƙin Basasar Amurka Ba

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa duk wani filin da aka gwabza Yaƙin Basasar Amurka, tsakanin 1861 da 1865, yana hannun gwamnatin tarayya, an killace shi ana kula da shi kamar filin Gettysburg. Wannan kuskure ne, domin mafi yawan filayen suna hannun manoma da sauran masu zaman kansu, waɗanda ke da ikon sayarwa ga masu gina gidaje da kantuna.

A 1993 wani kwamiti da majalisar dokokin ƙasar ta kafa ya tantance manyan filayen yaƙi guda 384, ya kuma nuna cewa gine-gine sun riga sun cinye da dama daga cikinsu. A garin Franklin na jihar Tennessee, inda dubban sojoji suka mutu ko suka jikkata a 1864, har gidan abinci na Pizza Hut aka gina a tsakiyar fagen fama, abin da ke sosa rai ƙwarai, kuma sai a 2005 aka rushe shi.

Tallafin da Hukumar Kula da Wuraren Shaƙatawa ta Ƙasa ke bayarwa don sayen irin waɗannan filaye ma ba ya biyan kuɗin gaba ɗaya. Rabi yake ɗauka, sauran rabin kuwa dole jiha ko ƙaramar hukuma ko ƙungiya irin American Battlefield Trust ta nemo, sannan ba a saye sai mai filin ya yarda da kansa.