Inshorar mota a Gana: abin da doka ta ɗora wa kamfani da abin da ba ta ɗora masa ba

A tashoshin mota na Kumasi, daga Kejetia zuwa Aboabo da Asawase, in aka ɗauko zancen inshora ba a jimawa sai wani direba ya ce, "Ai su karɓa kawai suka iya, biya kuwa sai ka ga jibin goshinka." Maganar tana da tushe, domin akwai kamfanonin da ke jan ƙafa har mai haƙƙi ya gaji ya haƙura. Amma in ka zauna da waɗanda suka je neman biya suka dawo da ɓacin rai, ka bi labarinsu daki-daki, za ka tarar da yawancin matsalar tun ranar sayen sitikar inshora, wadda ake mannawa a gilashin mota, ta faro. Mutum ya biya kuɗi don ɗan sanda ya bar shi ya wuce, bai tambayi me ya saya ba, wanda ya sayar masa kuma bai yi masa bayani ba.

Dokar da ta wajabta inshorar mota a Gana tsohuwa ce, tun 1958 aka yi ta, shekara ɗaya bayan samun 'yancin kai. Abin da ta ce a taƙaice shi ne: ba a hau titi da mota ko babur sai da inshorar da za ta biya wanda abin hawan ya kashe ko ya raunata. A lura da wanda dokar ta nufa. Ba mai mota take karewa ba, tana kare mai tafiya a ƙasa ne, da fasinja, da wanda ke cikin ɗaya motar. Wannan ita ce inshorar ɓangare na uku, wadda direbobi ke kira tad-fati, kuma ita ce a manne a gilashin mafi yawan tasi da trotro, wato ƙananan bas na haya, na garin nan saboda ita ce mai sauƙin kuɗi.

To me take biya? In an rasa rai ko an ji rauni, kamfani ne zai ɗauki diyyar, kuma ba a yanka mata iyaka ba: ana duba girman raunin, da kuɗin asibiti, da abin da mutum ya rasa na sana'arsa, da iyalin da mamaci ya bari. In dukiyar wani ce ta lalace, motarsa ko katangar gidansa ko kwantenar shagonsa, nan akwai iyaka, kuma iyakar ƙarama ce, 'yan dubban sidi ne da aka rubuta a takardar inshorarka. Motarka kuwa, ko ta zama gwangwani, kamfani ba zai ba ka ko fesuwa ɗaya, wato kwabon Gana, a kanta ba. Nan ne ran mutane ya fi ɓaci. Direban tasi ya daki bayan wata babbar jif a Anloga Junction, fitilun baya da bamba kaɗai sun haura iyakar da kamfani zai biya, ragowar ta dawo wuyansa, ga tasa motar a kwance a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, ba mai tambayarta. Sai ya ce an cuce shi. A shari'ance ba a cuce shi ba, abin da ya saya ke nan. Sai dai an ɓoye masa wani abu mai amfani: ana iya ƙara kuɗi a ɗaga wannan iyakar ta dukiyar mutane, kuma duk mai yawo cikin gari inda manyan motoci suka cika titi ya kamata ya tambayi farashin ƙarin kafin ya biya.

Akwai mataki na tsakiya da ke ƙara gobara da sata a kan tad-fati. Sai kuma cikakkiyar inshora, wadda ke gyara motarka ko da kai ne mai laifi. Masu wannan ma suna kuka, kuma kukansu ya fi buƙatar bayani.

Cikakkiyar inshora tana tsaye ne a kan ƙimar da ka faɗa ranar saye. Wasu kan rage ƙimar da gangan don kuɗin shekara ya sauko. Wasu kuma ba su rage komai ba, sidi ne ya faɗi ya bar su a baya. A Disambar 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari, kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabi, amma mutane da yawa suka ci gaba da sabunta inshora a kan tsohon farashi. Ga yadda lissafin yake tafiya. A ce motarka ta kai sidi 100,000 a kasuwa, kai kuma ka yi mata inshorar sidi 50,000. Aka yi hatsari, gyara ya kama 20,000. Kamfani zai ce rabin ƙimar motar ka kawo masa, don haka rabin gyaran zai ɗauka, wato 10,000. Daga ciki kuma a cire kason da yarjejeniya ta ce mai mota ne zai ɗauka a kowane hatsari. In motar tsohuwa ce aka sa mata sabbin kaya, ana iya ƙara zaftare wani abu, bisa hujjar cewa inshora tana mayar da kai inda kake ne kafin hatsari, ba ta sabunta maka mota. Mutumin da ya sa rai da 20,000 sai ya fito da ƙasa da rabi. Maganinsa kuwa a duba ƙimar mota duk shekara kafin a sabunta, a kuma tambaya ko za a iya biyan ƙari a soke wancan kason na mai mota, domin kamfanoni da dama suna sayar da hakan.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare a Kumasi, saboda muna da Magazine a kusa da ƙwararrun makanikai, shi ne a ja mota a kai wa masta, wato babban makaniki, tun kafin kamfani ya turo mai duba ɓarna. Kwana biyu an warware ta, an buga jiki, an yi walda. Mai duba ɓarna ya zo bai ga komai ba sai rasit. A irin wannan hali kamfani yana da hanyar ƙin biya ko rage kuɗin yadda ya so. A sanar da kamfani nan take, a ɗauki hotuna ta kowane ɓangare tun motar tana wurin, a karɓo kiyasin gyara a rubuce, sannan a jira izini.

Akwai kuma abubuwan da ke rushe da'awar mai mota, wato neman biyan da yake yi wa kamfani, gaba ɗaya. Mota mai farar lamba da aka yi wa inshorar amfanin gida, sai aka sa ta Bolt ko Uber ko ɗaukar fasinja zuwa Techiman. Direba mai lasisin B, na ƙananan motoci, yana jan bas ɗin da ke buƙatar C ko sama da haka. Lasisin da ya mutu, ko yaron mota da aka ba sitiyari ya ɗan juya. Lodin da ya wuce yawan kujerun da aka biya wa inshora. Motar da aka saya a hannun wani ba a canja sunan mai ita a DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, da wurin kamfani ba, alhali inshora yarjejeniya ce da mutum, ba ta bin mota da kanta zuwa ga sabon mai ita. Masu ba da mota a yi aiki a biya da kaɗan-kaɗan su ma su kula da sunan da ke kan takardu. Sannan tun 2014 Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC, ta kafa ƙa'idar cewa in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya. Alkawarin "zan kawo ragowar ranar Juma'a" ba ya tsayawa a gaban kowa.

Sitikar jabu ta daɗe tana cin mutane. A Janairun 2020 hukumar ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci, kuma yanzu da kowace irin waya ana iya danna *920*57# a sa lambar mota a ga ko tana da inshora mai rai. Wanda ya saya ta hannun wakili ya duba kafin ya bar wurin. Fasinja ma yana iya duba motar da zai hau zuwa Tamale ko Bawku.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna, domin a nan ne mutanenmu na zango suke asarar haƙƙi mafi girma, kuma ba kamfani ne ya hana su ba.

Mota ta buge yaro a Aboabo, ko magidanci ya rasu a hanyar Kintampo. Direban ɗan unguwa ne, an san iyayensa. Dattawa suka shiga tsakani, aka je gaban liman ko sarkin zango, iyalan mamaci suka ce, "Mun bar wa Allah, kwanansa ne ya ƙare." Direba ya kawo abin da ya samu na sadaka, aka roƙi 'yan sanda su rufe magana. Yafiya abu ne mai kyau kuma ba na so a daina ta. Sai dai yafe wa direba daban, barin kuɗin da ke kan kamfani daban. Diyyar nan ba daga aljihun direba za ta fito ba. Don irin wannan rana aka tilasta masa biyan inshora shekara da shekaru. In an bar ta, direban bai ƙaru da komai ba, kamfani ne ya tsira da kuɗinsa, matar mamaci da marayu kuma su shiga neman kuɗin makaranta da na haya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hukuncin karɓar irin wannan kuɗi ba ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa, amma kada babba ya yafe haƙƙin maraya a zaman makoki ba tare da ya san ma akwai shi ba.

Abin da ake buƙata takardu ne, kuma tun ranar farko ake tara su. Na farko rahoton 'yan sandan hanya, MTTD, waɗanda ke auna wurin hatsari su zana shi, su kuma sa jami'in DVLA ya duba motar. Mai rauni ya karɓi fom ɗin asibiti daga hannun 'yan sanda, likitan da ya duba shi a Komfo Anokye ko wani asibitin ya cike, a adana kowane rasit na magani da hoton ƙashi, a ɗauki hoton raunin. In rasuwa ce, mu masu gaggauta jana'iza ne, kuma cikin gaggawar ake mantuwa: a tabbatar an karɓi takardar da ta nuna sanadin mutuwa da izinin binnewa, daga baya a yi rajistar mutuwar, a kuma nemi takardar kotu da ke ba wani daga cikin dangi ikon kula da abin da mamaci ya bari. Kamfani ba ya miƙa diyya ga duk wanda ya zo ya ce shi ne wan mamaci. Lokaci ma yana gudu: dokar ƙayyade wa'adin ƙara ta 1972 ta ba da shekara 3 don shigar da ƙarar rauni, haka ma wa'adin yake ga iyalan wanda ya rasu.

Direba kuma kada ya sa hannu a wata takarda a bakin titi yana amsa laifi ko yana alkawarin biya. Yarjejeniyar inshora ta hana hakan sai da sanin kamfani.

In takardu sun cika, kamfani zai kawo tayi. Tayin farko ba hukunci ba ne, ana iya ƙin sa a kawo hujja, kamar kiyasin wani gareji ko rahoton likita da ya nuna nakasar ta dindindin ce. Abin da za a yi hattara da shi shi ne takardar sallama da ake sa wa hannu kafin a ba da kuɗi. Wanda ya sa hannu ya yarda ke nan cewa magana ta ƙare. In ƙafar ta ƙi warkewa bayan wata shida, da wuya a sake buɗe fayil. Mai rauni mai tsanani ya bari likita ya fayyace inda jikin zai tsaya, kuma in zai ɗauki lauya, a rubuta kason lauyan tun farko.

Su ma kamfanoni akwai abin da ke kansu, kuma ban ga dalilin sassauta musu ba. Hukumar NIC, wadda yanzu take aiki ƙarƙashin Dokar Inshora ta 2021, mai lamba 1061, ta gindaya musu wa'adi na ranakun aiki don su ce sun amince da da'awa ko sun ƙi, su kuma biya bayan an sa hannu. Amma wa'adin yana fara ƙirguwa ne daga ranar da takardu suka cika, kuma ta wannan ƙofa wasu ke wahalar da mutane: yau a ce kawo wannan, mako mai zuwa a tuno da wancan. Don haka a nemi jerin duk abin da ake so a rubuce tun zuwan farko, duk takardar da aka miƙa a riƙe kwafinta da hatimin ranar karɓa, in an ƙi biya kuma a ce a rubuta dalili. Haka nan bai dace wakili ya karɓi kuɗin mutumin da ba ya karanta Turanci ya miƙa masa sitika kawai ba, ba cikakkiyar takardar yarjejeniya, ba bayani da Hausa ko Twi. Hukumar tana da sashen karɓar ƙorafi da sasanta rikici, tana da ofis a nan Kumasi, ba sai an je Accra ba, kuma ba a biyan kuɗi don kai kuka. In sasanci bai yiwu ba, kotu tana nan. Dokar 1958 ta wajabta wa kamfani biyan hukuncin da aka yanke wa wanda ya yi masa inshora a kan rai ko rauni, muddin an sanar da kamfanin ƙarar a kan lokaci.

Direbobin manyan motoci da ke tsallaka iyakar Paga zuwa Burkina Faso da Nijar su riƙe katin inshora na ECOWAS, wanda ake kira Brown Card, tsarin da aka kafa tun 1982 don biyan wanda aka yi wa ɓarna a wata ƙasar, su kuma tambayi kamfaninsu ƙasashen da katin ke aiki a cikinsu kafin su ɗau hanya.

Saura wanda mota ta buge ta gudu, ko wanda motar da ta buge shi ba ta da inshora ko sitikarta jabu ce. Shi ma ba a bar shi haka ba. Akwai asusun diyya na hatsarin mota a hannun NIC da ke taimaka wa irin waɗannan a kan rauni ko rasuwa. Kuɗinsa bai kai na kamfani ba kuma ba ya gyara mota ko babur. Ana nemansa ne ta ofishin hukumar, da rahoton 'yan sanda da takardun asibiti, don haka ko ba a ga lambar motar ba, a je MTTD a rubuta abin da ya faru a ranar.