Tambayoyin da sababbin marubutan Hausa a Saudiyya suka fi yi

Matasanmu mazauna Makka, Madina da Jidda da ke sha'awar rubutu sukan ci karo da matsalolin da takwarorinsu na Kano ko Damagaram ba su san su ba. Ga amsoshin wasu daga cikin tambayoyin da suke yawan yi.

Malam, a Makka aka haife ni, karatuna duk na Larabci ne, Hausa kuwa a gida kawai nake yin ta. Da boko zan rubuta ko da ajami?

Amsar tana wurin wanda kake so ya karanta ka, ɗan'uwa. Ajami yana da tsohon tarihi da daraja, domin da shi Nana Asma'u da malaman zamaninta suka rubuta waƙoƙinsu na Hausa. Sai dai mafi yawan masu karatun Hausa a waya a yau suna Najeriya da Nijar ne, kuma da boko suka saba, musamman tun da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. Wanda ya iya haruffan Turanci, ko da kaɗan ne, ba zai daɗe ba zai iya boko. Abin da ke ba da wahala shi ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma sanin inda ake raba kalmomi da inda ake haɗa su. Ka saka Hausa a allon rubutu na Gboard, haruffan suna nan, sannan ka lizimci karanta Aminiya ko BBC Hausa kana lura da ƙa'idar rubutunsu. Iyayenmu da ba su karanta boko kuwa, ka karanta musu da murya ka tura, za su saurara.

Me zan rubuta, alhali ban san Kano sosai ba, kuma labaran da nake karantawa kusan duk a can ake gina su?

Wannan ita ce babbar tambayar, kuma a nan da yawa suke yin asara. Sai ka ga yarinyar da ta tashi a Jidda ta zauna tana siffanta gidan wani attajiri a Nasarawa ta Kano, unguwar da ba ta taɓa takawa ba, tana aron kwatance daga littattafan wasu, alhali abin da ke ƙofar gidansu babu wanda ya rubuta shi da Hausa yadda ya kamata.

A cikin danginmu akwai waɗanda kakanninsu suka taso a ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yi shekaru suna noma da ƙwadago a Sudan kafin su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Akwai iyalan da suka bar Sabil da Karantina sa'ad da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, maƙwabtan shekaru aru-aru suka watse. Akwai dillaliyar da ke durƙushe gaban sikeli da daddare, tana zare abaya biyu daga jakar hajiya mai komawa Kano, ta mayar da dabino, ta sake ɗagawa ta duba, domin kilo ya wuce kuma hajiyar ta rantse ba za ta bar ko tazbaha ɗaya ba. Akwai saurayin da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta ƙare, wanda ya san kowane lungu da zai bi don kada ya haɗu da masu bincike. Mai karatu a Katsina ya ji labarin Makka daga bakin alhazan da suka yi wata guda suka koma, amma bai ji shi daga bakin wanda ya rayu a cikinta ba.

Kalmomin Larabci da suka zauna a bakinmu, irin su kafili (wanda ya tsaya wa baƙo a takardun zamansa) da jawazat (hukumar fasfo da izinin zama), kada ki kore su, 'yar'uwa, domin haka mutanenki ke magana. Ki dai gina jimlar yadda wanda bai taɓa jin su ba zai gane daga abin da ke faruwa.

Aiki ya cinye mini rana, yaushe zan yi rubutu?

Bayan sallar asuba, kafin wayar ta fara ƙara, ko da rabin sa'a ne, sannan a yi gyara ranar Juma'a ko Asabar. Kada ka fara sakin labari sai kana da babi goma a ajiye, domin azumi da lokacin aikin Hajji za su zo su ɗauke ka gaba ɗaya, masu karatu kuwa ba su yi wa marubuci uzuri. Kowane babi ka tura wa kanka ta imel, saboda waya takan ɓace.

Ana samun kuɗi kuwa?

Ana samu, amma kaɗan ne, kuma ba da wuri ba. Tsarin talla na Google AdSense yana karɓar shafukan Larabci, Hausa kuwa ba ta cikin harsunan da ya amince da su, don haka wanda ya buɗe shafi da niyyar cin kuɗin talla ya san da wannan tun farko. Hanyar da marubutan Arewa suka fi bi ita ce su saki farkon labari kyauta, sauran kuma sai wanda ya biya a saka shi a rukunin WhatsApp. Mazaunin Saudiyya yana da ƙarin wahala biyu a nan: masu sayen da naira za su biya, don haka yana bukatar asusun banki a Najeriya ko amintaccen ɗan'uwa mai karɓa, kuma idan aka juya kuɗin zuwa riyal, wanda ke ɗaure da dala a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya, sai a ga bai taka kara ya karya ba. Ga kuma masu fitar da littafin da aka sa wa kuɗi su yaɗa shi kyauta, abin da har yanzu ba a samo maganinsa ba. A ganina, mace mai farawa ta fi cin riba idan ta sa ƙarfinta a gajeren labari guda mai kyau ta shiga gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ke shirya wa mata tun 2016, domin ko ba ta yi nasara ba ta koyi rubutu cikin iyakar kalmomi da wa'adi.

Akwai abin da doka ta hana wanda ya kamata in sani?

Akwai, kuma rubutu da Hausa ba ya fitar da kowa daga ƙarƙashin dokar ƙasar da yake zaune. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ko ya keta sirrinsa da kyamarar waya. Abin da ya taɓa addini, tarbiyya ko zaman lafiyar jama'a hukuncinsa ya fi haka, har shekara biyar da riyal miliyan 3. Tallata kayan wani a shafinka don a biya ka yana bukatar lasisi tun 2022, kuma sharuɗɗan sun fi tsauri a kan baƙo. Mai son buga littafi a takarda a nan zai nemi izinin hukumar yaɗa labarai, lambar rajistar littafin (ISBN) kuma Ɗakin Karatu na Ƙasa na Sarki Fahad da ke Riyad ne ke bayarwa.

Ban da doka akwai haƙƙin maƙwabtaka. Idan labarinka ya samo asali daga wani da takardunsa ba su cika ba, sauya suna kaɗai bai wadatar ba, domin jama'armu a nan ta san juna. Ka sauya unguwa da sana'a da yawan 'ya'ya, ka haɗa halayen mutum biyu ko uku a jikin mutum ɗaya, kuma kada ka ɗora hoton gida ko na titi tare da labarin.